Asabar, tarwaɗa da gonar gero da wake: ina Kirista zai tsaya kan Shari'ar Musa?

Ɗan yayana ya same ni a gona wata safiyar Asabar, muna tsakiyar noman firi. Ya tsaya a bakin kunya, hannu a aljihu, bai taɓa fartanya ba. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baffa, anya yau ba saɓo muke yi ba?" Ashe wani mai wa'azi ne ya kwana biyu a garin surukansa, ya buɗe musu Fitowa sura 20, ya ce dokokin nan goma ne ba tara ba, ranar hutun kuma Asabar ce ba Lahadi ba. Ya buɗe Littafin Firistoci sura 11, ya ce duk kifin da ba shi da ƙege da kamɓori haram ne. Uwar yaron kuwa da bandar tarwaɗa ta biya masa kuɗin makaranta.

Na ce masa ya dubi ƙasa. Ga gero a layi, ga wake a tsakani, yadda kakanninmu suka bar mana. A cikin wannan Littafin Firistocin, sura 19 aya 19, an hana shuka iri biyu a gona ɗaya. In doka ce ta hana mu noma yau, to gonar ma tun ranar shuka take cikin laifi. Ya yi shiru. Ni ma na san ban ba shi amsa ba, kaya kawai na ƙara masa. Wannan rubutun shi ne abin da ya kamata in shimfiɗa masa, shi da duk wanda yake wannan tsaka mai wuyar a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Hanyoyi huɗu za mu duba kan yadda Kirista zai ɗauki Shari'ar Musa, kowace kuma da abu huɗu za mu auna ta. Tsada: me hanyar za ta ci maka a gona, a kasuwa da tukunya. Ƙarko: za ta tsaya in an buɗe mata Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi, ta kuma daɗe a tarihin ikilisiya, ko kuwa aya ɗaya ce ke riƙe da ita. Sauƙi: tsohuwar da ba ta karatu za ta iya riƙe ta ba tare da ta aika a kira fasto kullum ba. Haɗari: in an kauce kaɗan, wane rami ake faɗawa.

Kafin awo, a san cewa gardamar nan ta girmi kakan kowa. Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labarin taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 ko 50, da wasu suka je Antakiya suna cewa wanda ba Bayahude ba ba zai sami ceto ba sai an yi masa kaciya ya kuma bi Shari'ar Musa. Bitrus ya kira shari'ar karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Yakubu, jagoran ikilisiyar Urushalima, ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa da abu huɗu kacal: a guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Ba Asabar a ciki, ba alade, ba kaciya. Kowace hanya cikin huɗun da ke tafe sai ta bi ta wannan ƙofar, wata ta wuce salin alin, wata da kyar.

Hanya ta ɗaya: a ɗauki shari'ar gaba ɗayanta

Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokokin Attaura sun sami 613, na "yi" 248, na "bari" 365. Mu ɗan lissafa kuɗin. Naman raƙumi, wanda mahauta ke sayarwa a Kano ba wanda ya ɗaga ido, shi aka fara ambata cikin haramtattu a Firistoci 11. Zomo haka, rema haka, ɓera da dangin ƙadangare irin su damo da guza haka. Kitsen sa da na tunkiya da na akuya an hana. Cikin ƙwari, fara da danginta kaɗai suka tsira, wannan kam mutanenmu ba za su yi kuka ba. Ran Asabar ba a hura wuta a gida, kenan tuwon jiya za a ci da sanyinsa. Kowace shekara ta bakwai ba shuka, ba girbi, gona ta huta, a kuma yafe bashin ɗan'uwa. Sau uku a shekara kowane namiji ya hallara a wurin da Allah ya zaɓa, wato Urushalima. Mai gonar gado guda ɗaya da baki goma a gida ya san abin da shekara guda ba shuka take nufi.

Wajen ƙarko ma ta fi rauni. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, tun daga ranar ba bagade, ba hadaya, don haka kaso mai yawa na dokokin ba mai iya cika su yau, ko a cikin Urushalima yake kwana. Su Yahudawan da kansu ba su ce kai Bahaushe ka ɗauka ba. A koyarwarsu dokoki bakwai ne kawai, waɗanda suke dangantawa da Nuhu, suka hau kan sauran al'ummai, dokoki da dama na gona kuma sun ce na ƙasar Isra'ila ne kaɗai. Mai kaya ya ce ba naka ba ne, kai kana neman gammo. An taɓa samun masu bin Yesu a ƙarnukan farko, Ebiyonawa, da suka riƙe wannan hanyar suka ƙi Bulus. Cikin 'yan ƙarnuka suka ɓace.

Haɗarinta Bulus ya faɗe shi ƙarara a Galatiyawa 5: wanda ya karɓi kaciya don shari'a ta tilasta masa, bashin dukan shari'ar ya hau kansa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ban taɓa ganin mai bin wannan hanyar da gaske ba. Masu cewa suna binta a bidiyon waya tsinta suke yi, su ɗauki mai sauƙi su tsallake mai wuya.

Hanya ta biyu: Dokoki Goma har da Asabar, da dokokin abinci

Wannan ita ce ta rikita ɗan yayana, kuma ba ta wasa ba ce. Waɗanda aka fi sani da ita su ne 'yan Adventist, da suka kafu a Amurka a 1863, suka shigo Najeriya a 1914, suna kuma da tsohon mazauni da asibiti a Jengre ta jihar Filato. A yi musu adalci: ba su ce shari'a ke ceto ba. Cewa suke yi ceto ta alheri ne, amma hadayu da bukukuwa ne suka ƙare a kan gicciye, Dokoki Goma suna nan daram. Hujjarsu tana da ƙwari: an keɓe rana ta bakwai tun a Farawa sura 2, kafin a haifi Musa, Yesu ya saba shiga majami'a ran Asabar, an bambanta dabba mai tsarki da marar tsarki tun zamanin Nuhu.

Tsadarta ana iya ƙirga ta da yatsu. Daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwar rana ran Asabar ba aiki, sau 52 a shekara. Daminarmu gajera ce, wata huɗu in Allah ya so, kuma in ruwan shuka ya sauka daren Juma'a, maƙwabta na toka da safe kai kana zaune. Zaɓe a ƙasar nan ran Asabar ake yinsa, ɗaurin aure da biki ma sun fi faɗawa a kanta. Tarwaɗa ta fita, raƙumi ya fita. Sai dai in faɗi gaskiya, lissafin ba gefe ɗaya ya karkata ba. Wanda kasuwarsa Dambatta ce ko Gujungu, ran Lahadi take ci. Mai hutun Asabar zai tafi da buhunsa hankali kwance, mai sujadar Lahadi ne zai riƙa leƙen agogo ana wa'azi. Mai zuwa Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a kuwa, duk ɗaya ne gare shi, in dai ya dawo gida kafin magariba.

Sauƙi tana da shi ta wani fanni, don iyakarta a fili take: yau a yi, yau a bari, wannan a ci, wannan a ƙyale. Wuyarta kaɗaici ne. A ƙauyen da Kiristoci gida shida ne ko bakwai cikin Musulmi, in gida ɗaya ya koma Asabar, ba ya cikin masu Juma'a, ba ya cikin masu Lahadi.

A ƙarko ne take ɗingishi. Kolosiyawa 2:16 da 17 sun ce kada wani ya hukunta ku kan ci da sha, ko idi, ko tsayawar wata, ko Asabar, inuwa ce ta abin da ke zuwa. Romawa 14 ta bar wa kowa zuciyarsa kan fifita wata rana. Markus 7:19 ya ce Yesu ya tsarkake dukan abinci, Farawa 9:3 kuma ta ba Nuhu duk abin da ke motsi. Masu wannan hanyar suna da fassararsu ga kowace aya, sai dai amsoshin sun yi yawa ga magana ɗaya. Akwai kuma zancen da ake yawan maimaitawa, wai Kwanstantin, Sarkin Romawa, ne ya mai da sujada Lahadi. Abin da ya yi a shekara ta 321 shi ne ya sa Lahadi ta zama ranar hutu a birane, ya ma bar manoma su je gonakinsu. Tun wajen shekara ta 150 wani malamin Kirista, Yustin Shahidi, ya rubuta yadda masu bi ke taruwa ran Lahadi, kafin shi kuma Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna su suna gutsuttsura gurasa a rana ta fari ta mako. Wanda ke neman misali mai dogon zamani na wani abu makamancin wannan ya dubi ikilisiyar Otodoks ta Habasha: suna kaciya, ba sa cin alade, suna girmama Asabar, amma ba su saki Lahadi ba.

Hanya ta uku: a raba shari'ar kashi uku

Kashi na ɗabi'a, irin su kada ka yi kisa, sata, zina, shaidar zur. Kashi na ibadar Haikali, wato hadayu, tsarki, abinci, idodi. Kashi na mulkin ƙasar Isra'ila, wato hukunce-hukunce da gado da iyakar gona. Na farko ya hau kan kowa har abada, biyun sun cika aikinsu. Toma Akwinas, wani babban malamin ikilisiya, ya tsara wannan a ƙarni na 13. Angilikan sun rubuta shi a ƙa'ida ta bakwai cikin ƙa'idodinsu 39, shaidar bangaskiya ta Westminster ta 1646 ma haka ta bi, Katolika kuma a kansa suke koyar da Dokoki Goma da kiyaye Lahadi. Yawancin abin da muka ji daga bakin iyayenmu a majami'a, ko ba su san sunansa ba, wannan ne.

Tsadarta rabin yini ne ko yini guda ran Lahadi, da zakka in ikilisiyarku na karɓa, dami ɗaya cikin goma. Tukunya ba ta canzawa. Sauƙinta ba a magana, yaro ma ya haddace goman nan. Ta kuma daɗe, ta yi ƙarnuka tana riƙe da jama'a masu yawa.

Inda take yoyo shi ne Musa bai sa wa dokokinsa lamba ba. Firistoci 19:18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ayar da ke biye da ita ita ce ta gonar iri biyu. Ba layi tsakaninsu, mu ne muka ja. In kuwa mutum ne ke jan layi, yakan ja shi inda ya fi masa daɗi. Na ga an tsayar da yarinya gaban dattawa kan wando da hujjar Maimaitawar Shari'a 22:5, alhali 'yan ayoyi ƙasa kaɗan, a surar nan dai, an hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin, an kuma ce a yi wa riga tuntaye a kusurwa huɗu. Ba dattijon da ya duba rigarsa. Zakka ma haka. Malakai 3:10 ba ta tsufa a bakin mai wa'azi, amma Firistoci 19:13, wadda ta hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, da wadda ta ce a bar wa matalauci kala a gona, ba kasafai ake jin su lokacin kaka ba. Laifin masu riƙon ne, amma hanyar ce ta ba su ƙofa. Sai kuma tambayar da mai Asabar zai jefo maka: in goman duk na ɗabi'a ne, wa ya ba ka izinin matsar da doka ta huɗu, wato ta Asabar? Amsar da aka saba bayarwa ita ce hutu da sujada su ne dokar, ranar kuwa alama ce da ta koma ranar tashin Yesu. Amsa ce mai kyau, ba mai rufe baki ba.

Hanya ta huɗu: ba ƙarƙashin Musa ba, ƙarƙashin Almasihu

Nan cewa ake yi shari'ar alkawari ce guda ɗaya da Allah ya yi da Isra'ila a Sinai, ba a yanka ta kashi-kashi, kuma sabon alkawarin da Irmiya 31 ta yi albishir da shi ya maye gurbinta, kamar yadda Ibraniyawa sura 8 ta bayyana. Kirista ba ya sata, ba don an rubuta a allon dutse ba, sai don Yesu da manzanni sun hana. Tara cikin goman an sake umartar su a Sabon Alkawari. Asabar ce kaɗai ba a ɗora wa al'ummai ba. Martin Luta ya yi wa'azi a 1525 yana cewa Musa na Yahudawa ne, mu muna karanta shi mu ɗauki abin da ya dace da Sabon Alkawari da kuma abin da Allah ya rubuta a zuciyar kowane ɗan Adam.

A aljihu ita ce mafi arha a ido: ba ranar dole, ba abincin dole, baiko kuma yadda mutum ya yi niyya da farin ciki. A zuciya kuwa ta fi tsada, don wanda ya hana kisa ya hana fushi, wanda ya hana zina ya hana kallo. Ta fi zama daidai da Galatiyawa da Romawa, sai dai dole ta yi bayanin Matiyu 5:17, inda Yesu ya ce bai zo ya rushe Attaura ba, ya zo ya cika ta. Ba ta da sauƙin koyarwa. Tana son mai karatu da mai tunani.

Ramukanta biyu ne. Na ɗaya, a mai da 'yanci lasin, mutum ya kwana gidan burkutu ya ce ai muna ƙarƙashin alheri, abin da Bulus ya tsawata a Romawa 6. Na biyu, a raina Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Wani malami mai suna Markiyon ya yi haka, ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144.

| Hanya | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Dukan shari'a | Gona, abinci, tafiya, duk ta taɓa | Ba Haikali, ba ta cikuwa | Babu | Dogara ga aiki maimakon alheri |
| Goma da Asabar da abinci | Asabar 52, wasu nama da kifi | Ƙarfi a Fitowa, rauni a wasiƙun Bulus | Iyaka a fili, amma kaɗaici | Rabuwar gida, hukunta 'yan'uwa |
| Kashi uku | Lahadi da zakka | Ta daɗe ƙwarai | Mai sauƙi | Zaɓen ayar da ta yi daɗi |
| Shari'ar Almasihu | Arha a aljihu, tsada a hali | Ta dace da wasiƙu | Tana son koyarwa | Sakaci, raina Tsohon Alkawari |

Abubuwan da muke yi da ma

Abin da ke ƙara rikita mu a ƙasar Hausa shi ne rabin abin da ake gardama a kansa muna yinsa tun kafin a fassara mana Littafi Mai Tsarki cikakke a 1932. Muna kaciya. Mai jego tana arba'in. Ba ma cin mushe. Alade, yawancinmu ko ganinsa ba mu taɓa yi a garinmu ba. Amma a duba da kyau: kaciyar Musa rana ta takwas ce, tamu ta gargajiya sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, wanzami ya zo da hunturu. Jegon Musa kwana 40 ne ga namiji, 80 ga mace, namu ba ya bambantawa. Kenan al'adarmu ce, ba biyan bashin Sinai ba.

Yin su ba laifi, barin su ba saɓo. Abin dubawa shi ne dalili. Bulus da hannunsa ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin, shi ɗin ne kuma ya kafe ba za a yi wa Titus ba da aka ce dole ne. A gidanmu ran Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi ne ke yanka akuyar, yana tsugune bakin rami ni ina riƙe da ƙafa, don in an kai musu kwano su ci ba shakka. Wannan ba Firistoci 11 ba ce, Romawa 14 ce: kada abincinka ya zama abin tuntuɓe ga wani.

Wa ya dace da wace

Sabon mai bi, da tsohuwa ko tsohon da ba ya karatu, da mai tarbiyyar yara: kashi uku ta fi musu, goman nan a baki, Lahadi a majami'a, a bar sauran gardama ga masu lokaci.

Mai bishara da malamin makarantar Lahadi da ɗalibin da abokansa ke tambayarsa me ya sa littafinku ya hana alade kuna halatta shi: ya zauna ya koyi hanya ta huɗu sosai, don ita ce ke da amsar da ba ta tsalle-tsalle tsakanin ayoyi. Amma wanda ya san kansa da giya ko da mata, yake neman ta huɗu don ya huta da tsawar dattawa, ba tasa ba ce.

Wanda ya karanta, ya yi addu'a, zuciyarsa ta ƙi sakin Asabar, ya kiyaye ta. Romawa 14 ta ba shi wuri. Sharaɗi biyu ne: ya lissafa ranakun damina da idonsa a buɗe, matarsa na zaune, kada kuma ya ce wa uwarsa ta halaka don tana zuwa Lahadi. Hanya ta ɗaya kuwa ban ga wanda zan miƙa wa ba.

Wanda danginsa ke cikin Maguzanci har yanzu, ana yanka wa iskoki baƙin bunsuru ko jan zakara a aiko masa da kason nama, shi tambayarsa ba ta cikin teburin nan. Duk hanyoyin huɗu sun haɗu a kan kada ya ci, wasiƙar Urushalima ma da wannan ta fara.

Shi ɗan yayan nawa, na ce ya karanta Galatiyawa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, sura shida ce kawai, sannan ya dawo mu yi magana. Bai dawo da magana ba. Asabar ta gaba da sassafe na hango shi a kunyar gabas da fartanyarsa. Tarwaɗa kuwa har yau ba ya ci, uwarsa ma ta daina yi masa tayi.